Regilater ɗin Hinda

Duk wanda ya shigo Guci ta hanyar kasuwa, soron Malam Gaji zai fara gani: pano biyar na wutar sola a jere suna ƙyalli, har tsayawa ake a nuna wa baƙo. Ni da katanga ɗaya ta raba mu, na san abin da ke ƙarƙashin ƙyallin nan, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Hinda, 'yar Malam Gaji, ta dawo gidan ubanta da yara biyu bayan ta fita takaba. Ba ta zauna jiran a ba ta ba. Ta sayar da tumakinta da gadon ƙarfen aurenta, ta sayi pano biyu da batiri da ɗan firigo, tana yin ƙanƙara da zoɓo mai sanyi. Da wannan sana'a take ci da marayunta, har sabulun gidan ma daga nan yake fita.

Labbo mai haɗa sola ne ya zo daga Dungas ya haɗa mata. A bayan ƙofar ɗakinta ya kafa wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba.

"Wannan shi ne regilater," in ji Labbo. "Shi ke tsakanin pano da batiri, yana auna wutar da ke shiga. Naki mai amper ashirin ne, pano biyun nan sun kusa cika masa ciki. Ranar da za ki ƙara ko guda, ki fara sauya shi da babba. In ba haka ba ƙonewa zai yi, ya ja batiri su tafi tare."

Hinda ta riƙe maganar nan da kyau. Ba daga wajenta matsalar ta fito ba.

Tana da yayye biyu a ci-rani, Ubaidullahi a Aljeriya, Sharifu a Legas, kuma tun suna yara ba wanda ke yarda ɗan'uwansa ya fi shi. Labari ya kai wa Ubaidullahi cewa mace ce ta kawo wuta gidan ubansu. Abin ya tsaya masa a wuya, sai ga pano ya iso, girmansa kamar ƙyauren zaure. Sharifu na ji, ya aiko wanda ya fi shi. A nan wajenmu kuwa, abin da ɗa ya aiko daga ci-rani ba a tura shi ƙarƙashin gado. Bargo ne a shanya shi, rediyo ne a ƙure murya. In ka ɓoye, ka ce wa gari ɗanka bai yi abin kirki ba.

Hinda ta durƙusa gaban tabarmar ubanta.

"Baba, a ɗan dakata da haɗa su. Regilater ba zai ɗauka ba. In na yi cinikin azumi sai in sayi babba."

"Ke Hinda," in ji Malam Gaji, "yarana sun sha wuyar duniya sun aiko mini abu, in jingine a zaure kaji su hau?"

"To a ɗora su a gani, Baba, amma kada a haɗa waya."

"In yi wa 'ya'yana ƙarya ke nan? In sun tambaya ko na ji daɗin wutarsu, me zan ce?"

Ta kira Ubaidullahi a salula, ta ce, "Yaya, don Allah ka cika alherinka da regilater." Ya tambaya a ina ake sa shi. Ta ce bayan ƙofa. Sai ya ce in sha Allahu. Sharifu ma in sha Allahun ya ba ta.

Labbo ya ƙi taɓa aikin. Ranar kasuwa, Hinda na can tana zuba wa mutane zoɓo, Malam Gaji ya kira mai gyaran rediyo ya murɗe wayoyin pano huɗu wuri guda. Ta dawo ta tarar an gama, dattawa na zaure suna sa wa yaran albarka. Wa ya isa ya hau soron ubansa ya cire albarka? Kullum da tsakar rana sai ta kai hannu kan ɗan akwatin, ta janye da sauri. Na sha ganinta tsaye tana yi masa fifita.

Azumi ya kama cikin tsakiyar bazara. Bai yi nisa ba, wata azahar, warin ƙonanniyar roba ya tsallako har tsakar gidana. Na shiga na tarar regilater ya narke. Ashe tun hantsi ya saki, wuta na kwarara cikin batiri ba mai tare ta, har batirin ya kumbura yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kafin la'asar ƙanƙara ta zama ruwa, mata na sallama da kwanonin buɗa-baki, Hinda na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Malam Gaji ya leƙo, ya toshe hanci, ya ce, "Dama kayan nata ƙanana ne, ba su iya ɗaukar alheri ba."

Ni da ba 'yarsa ba, sai da na ji hawaye. Ita ko kai ba ta ɗaga ba. Ta koma daka wa mutane hatsi, firigo ya zama wurin ɓoye gari don ɓeraye.

Bayan salla labari ya kai wa yayyen cewa gidan ubansu ya koma duhu. Sharifu ya kira ya ce kada Hinda ta damu, saƙo na hanya. Ranar da amalanke ya tsaya ƙofar gida, ta fito da taɓarya a hannu, idonta na neman ɗan kwali a cikin kayan.

Ba kwalin regilater, sai wani pano; mutum biyu ne suka sauke shi, a hankali, don kada gilashin ya fashe. Malam Gaji ya ce a kawo tsani.