Rigar Alhaji a Kan Kwamfutar Abdulgani

Kwamfutar Abdulgani ta ƙone ranar Talata bayan azahar, kuma ba shi ya ƙona ta ba. Wannan nake so a fara sani, don har yau a Kalgo akwai masu cewa wai shi ya yi mata shisshigi ta fashe. Ƙarya ne. Na dawo daga wurin facina, tun daga bakin zaure na ji warin roba mai narkewa. Na tarar da shi zaune a bakin katifa, kumburarrun ƙafafunsa a ƙasa, yana kallon allon da ya yi baƙi ƙirin. Yayansa, Alhaji Umar Faruk, yana kan kujera daga shi sai 'yar ciki, yana shan iskar fankata.

Ni Haruna ne, mai faci a bakin hanyar Jega. Katanga ce kawai tsakanin gidana da na Abdulgani. Shi mutumin Gwandu ne, sana'ar ɗaukar hoto da bidiyon biki ta zaunar da shi a nan. Ciwon ƙoda ya kama shi bara, har ta kai ba ya iya takawa zuwa shago, sai muka ɗauko kwamfutar muka kafa masa a zaure kusa da shimfiɗarsa.

Aiki ɗaya ya rage masa. Wani makiyayi, Sambo, daga rugar da ke bayan Dangoma, ya kira shi ɗaukar auren ƙanensa. Mahaifiyarsu tun da take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, sai ranar nan da murna ta ɗebe ta, ta fito tsakiyar mata tana tafi tana waƙa. Bayan bikin da kaɗan ta rasu. Duk duniya babu fuskarta ko muryarta sai a cikin kwamfutar nan, don Abdulgani ya juye memorin kyamarar a cikinta ya goge shi kamar yadda ya saba. Sambo yakan zo ranar kasuwa, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Malam, Innata ta hito?"

"Saura kaɗan, Sambo. Na yi maka alkawari, da hannuna zan ba ka."

Matsalar ita ce kwamfutar ta tsufa. Idan ya gama yanka da jerawa ya sa ta haɗa bidiyon, sai ta ɗauki lokacin da ya fi na wutar da ake ba unguwarmu. Tana dab da ƙarewa a ɗauke, gobe a koma farko. Janaretarsa kuwa ta daɗe da mutuwa.

Wata safiya ya kira ni ta kan katanga. Na same shi da waya a hannu yana kallon wani Bature yana bayani.

"Haruna, ashe ana ƙara ma ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu. Obakulok suke ce mai."

"Wannan tsohuwar kake so ta yi tsere? Kai ma ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa zan bi ta a hankali."

A hankali kuwa ya bi ta, ni shaida ne. Sai da ya sa na kai ta wurin aikina na busa mata iskar injin taya, ƙura ta fito kamar an karkaɗe buhun gero. Ya aika Birnin Kebbi aka sayo wani farin mai a cikin sirinji, ya goge tsohon, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke sanyaya ta. Ya cire murfin gefe. Ni na kawo fankata mai tsayi daga ɗakina, muka saita ta tana hura cikin na'urar. Maiɗakina ta yi mini tsegumi, na ce ta yi firfita.

Sannan ya shiga wani shuɗin shafi mai lambobi. Zai ƙara lamba ɗaya tak, ya kunna, ya sa ta aiki mai nauyi, ya zauna yana kallon ma'aunin zafi. Idan ta jure, washegari ya ƙara ɗaya. Ranar da ta daskare sai ya koma baya, ya ƙara mata wuta ɗan mitsitsi, ya sake gwadawa. Ni na gaji da kallo.

"Kai, zuba mata gaba ɗaya mana a huta!"

"Haka kake ma taya iska?"

"Taya ina taɓa ta da hannu in ji."

"To ga hannuna nan," ya nuna ma'aunin. "In ta haura tamanin, na tsaya. Kuma muddin tana aiki, kada a taɓa fankar nan. Ita ce ranta."

Ya faɗa wa matarsa Hauwa'u, ya faɗa wa duk mai shigowa dubiya. Tsakiyar bazara ce, shi kansa gumi yake kamar an watsa masa ruwa, amma bai taɓa juya fankar wajensa ba. A ƙarshe ya samo inda ta tsaya daram. Ya lissafa ya ga in aka kawo wuta da hantsi, za ta gama kafin a ɗauke.

Ranar Talata aka kawo. Ya sa ta aiki, na ga layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara tafiya, na wuce wurin sana'ata. Sauran Hauwa'u ta ba ni labari, tana bayan labule. An ci fiye da rabi sai ga Alhaji daga Gwandu, wanda tun da ciwon ya fara bai leƙo ba. Ya shigo yana haki, ya ce wane irin gida ne ake yi wa ƙarfe firfita mutane na gasuwa. Ya jawo fankar gabansa. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya duba bai ga ƙusa ba, sai ya shimfiɗa ta a kan kwamfutar, ta rufe gefen da ke buɗe ruf.

"Yaya, rigar..." in ji Abdulgani.

"Ba komi, ba ta ɓaci. Kwanta abinka."

Shi ke nan abin da ya iya cewa. Alhaji ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya ce masa ɗauke rigarka. Ya kwanta yana amsa gaisuwa, "Da sauƙi, Yaya, alhamdu lillahi," idonsa na kan ma'aunin yana hawa. Alhaji yana ta labarin farashin taki. Har wani abu ya yi ƙara a ciki, hayaƙi ya biyo ta ƙarƙashin rigar.

Da na shigo na fizge rigar na jefar a ƙasa.

"Wa yaj juya fankar ga?"

"Kai wane ne?" in ji Alhaji.

"Mai fankar ne! Mutum na kwance cikin zahi bai sha iskar ba, kai daga zuwa ka fi shi buƙata?"

Ya kalli kayan aikin da ke jikina. "Dubi mai faci zai koya mini zama gidan ƙanena. Ka san kuɗin shaddar da ka yar?"

Na yi kansa. Abdulgani ya kama gefen wandona, hannun nan ba ƙarfi ko kaɗan.

"Haruna, don Allah. Yayana ne."

Na bari don shi, ba don rawanin kowa ba. Alhaji ya ɗauki rigarsa yana shinshina ta, yana cewa ta yi ƙauri.

Washegari na ɗaure kwamfutar a bayan mashin na kai wa mai gyara a Birnin Kebbi. Ya buɗe ya girgiza kai. Ya ce akwatin da ke raba wuta ne ya yi zafi ya fashe, ya tafi da allon ciki, ya tafi da rumbun da hotuna ke ciki. Ya gwada rumbun a wata na'ura, ko motsi bai yi ba. Na dawo da ita, na tsaya a ƙofar zaure na kasa shiga. Abdulgani ya gane tun daga tsayuwata.

"Kada ka faɗa ma Sambo," ya ce. "Ni zan faɗa mai da bakina."

Bai kai ranar kasuwa ba. Daga ranar ya daina cin abincin kirki, jikin ya ƙara kumbura, ranar Juma'a da hantsi ya cika, Hauwa'u na riƙe da kofin ruwa. Ba zan ce kwamfuta ta kashe shi ba, ciwonsa ya riga ya yi nisa, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma na san da abin da ya tafi a ransa.

A Gwandu aka rufe shi. Wurin zaman makoki ina jin Alhaji yana gaya wa mutane: "Na'urar nan ta ƙarasa shi. Mutum ba lahiya, ya zauna yana ma inji karambani har yat tashi da wuta." Suna ta "Allah Sarki". Na miƙe tsaye, liman ya dube ni, na tuna gawar da muka rufe ɗazu. Na sa takalmina na hau mashin na dawo Kalgo ban yi wa kowa sallama ba.

Ranar kasuwa Sambo ya zo da ƙwaryar nono, bai ji labari ba. Na tare shi a ƙofa na faɗa masa duka biyun, rasuwar da kuma ƙonewar kwamfutar da hoton Innarsa. Ya ajiye ƙwaryar, ya yi wa mamaci addu'a mai tsawo. Sannan ya ce ko zan bar shi ya ga abin.

Na buɗe masa zauren. An naɗe katifar an jingine. Ya tsuguna gaban allon, sandarsa a kan gwiwa, ya sa gefen rawaninsa ya share gilashin. Ya daɗe a nan yana kallo. Babu kowa a ciki sai fuskarsa.