Gardamar Littafin Alkimiyya

Tun yana saurayi Farfesa ya faɗa son wani tsohon littafi na alkimiyya, ilimin nan na mutanen da, masu neman hanyar mayar da dalma ta koma zinariya. Rubutun hannu ne, a bangonsa da sunan wani babban masani. Farfesa ya tsaya kai da fata cewa masanin ne ya rubuta shi daga farko har ƙarshe, a kan haka ya yi suna.

Amma akwai Dogo, malami a wata jami'ar, da ya ce sam. A cewarsa ɗalibai da masu kwafa ne suka yi ta ƙari, kowa ya zuba nasa, sannan suka liƙa sunan babba don littafin ya samu shiga. Hujjarsa ita ce babin ƙarshe ya ambaci wani tulun gilashi na tace ruwa, wanda ba a ƙera irinsa ba sai bayan rasuwar masanin. Suka yi ta fafatawa a mujallu da tarurruka har furfura ta rufe su. Matar Farfesa takan ce, "Malam, ko ni ba ka ambatona kamar yadda kake ambaton mutumin nan."

Daga baya idon Farfesa ya fara dushewa. Likita ya yi iya yinsa, abin ya gagara. 'Yarsa ta gwada karanta masa hotunan shafukan, amma tsohon rubutun da alamomin rana da wata da ke cikinsa suka sha mata kai. Sai Farfesa ya koma zaman shiru a bakin taga, abinci ma sai an lallashe shi.

Wata rana da hantsi aka yi sallama. Ko da bai ga fuskar ba, muryar ba ta ɓace masa ba. Dogo ne, da sanda da jaka.

"An ce min ka yi shiru," in ji Dogo. "Na zo in ji ko ka miƙa wuya ne."

"In miƙa wuya? Gare ka? Zauna dai, tsoho."

Dogo ya ja kujera, ya goge tabarau, ya ciro hotunan shafukan littafin daga jakarsa, ya soma karantawa a bayyane. Bai kai ƙarshen shafi ba Farfesa ya ɗaga hannu. "Tsaya! Ƙibiritu ne a wurin nan, farar wuta, ba gishiri ba. Ashe har yau ba ka iya karatu ba?" Daga kicin matarsa ta ji hayaniyar, ta ajiye ludayi ta share hawaye.

Dogo ya mayar da zuwa al'ada. Da yake yanzu da kunne Farfesa yake bin littafin, sai ya ji abin da bai taɓa lura da shi ba: babukan farko gajerun jimloli ne na mutumin da ya saba da zafin wuta da ƙaurin tukunya, na ƙarshen kuwa surutu ne mai ado. Ya jinjina kai ya ce, "Wannan ba bakinsa ba ne." Dogo ya ce, "To, ni ma na yarda na farkon mutum ɗaya ne. Ko masaninka ne, wannan kuma Allah masani."

A kan nan suka kasa daidaitawa. Duk da haka suka wallafa littafin tare, kowa ya rubuta ra'ayinsa a gabatarwa, suka bar wa masu karatu hukunci.

Ranar da kwafin farko ya iso, Farfesa ya shafa bangon, ya lalubo hannun Dogo ya riƙe gam. "Masu yabona duk sun watse. Kai da ka hana ni sakat, kai ka zo. Allah ya saka maka da alheri."

"Amin," in ji Dogo. "Amma fa maganar tulun gilashin nan ba mu gama ba."

Farfesa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ƙwala wa 'yarsa kira ta kawo musu shayi.