Kular da Arlen Ya Zaɓa

Tun Darla tana 'yar mitsitsiya, aikin ƙanƙara na babanta ne. Duk watan Yuli gidan Tollefson sukan kwashi tantuna su tafi bakin tafki can cikin dajin arewacin Minnesota, kowa da aikinsa: wani itace, wani girki, wani kwale-kwale. Shi kuwa Arlen, gari na wayewa zai tayar da akori-kurarsa ya bi hanyar tsakuwa har gidan man bakin titi, ya sayo ƙanƙara buhu-buhu. In ya dawo sai ya tsiyaye ruwan jiya daga tsohuwar kular ƙarfe, ya jera madara da man shanu da kifin da aka kama, ya zuba sabuwa a kai. Direban bas ɗin 'yan makaranta ne har ya yi ritaya, kuma bai taɓa ko gogar wani ba. Wannan kam duk garin an sani, don ba ya bari a manta.

Bara sai ga shi ya dawo da fitila ɗaya a fashe, ga akwatin wasiƙun wani bawan Allah maƙale a gaban mota. Ya ce barewa ya kauce wa. Ba wanda ya ce uffan. Mu mutanen nan haka muke, gida na cin wuta ma sai mu fara da zancen yanayin gari. Da aka je wurin likitan ido, ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, tsakiyar ganin ce ke dusashewa, kuma ba ta dawowa.

Curtis, ƙanin Darla, ya bugo waya daga birni ya ce, "Ki karɓe makullin motar kawai mana." Da yake baki bai san wahala ba! Darla ita ke gari ɗaya da tsohon, ta san halin kayanta. Da kunnenta ta ji ya ce ranar da ba shi da aiki a bakin tafki, ranar zai zauna gida. Tun rasuwar mamarsu kuwa, a can kaɗai take jin dariyarsa. In ta bar shi da tuƙi, wata rana mutum zai ɗauko a gaban mota. In ta raba shi da aikin, ba zai je ba, zai zauna a gida shi da talabijin ɗin da ba ya iya gani. Abin ya tsaya mata a rai, tsoro take ji sosai.

Dabarar da ta samu ita ce kula mai lantarki, a matsayin kyautar zagayowar ranar haihuwarsa. Ba ƙanƙara, ba zuwa gidan mai, ba kuma wanda zai ambaci ido. Ranar Asabar ta ɗauke shi a motarta, ta ce wata ƙara motar ke yi tana so ya saurara mata. Har suka isa kantin kayan shiga daji yana kasa kunne.

"Lafiyar motar nan ƙalau," ya ce da suka tsaya. "Direbar ce dai sai a hankali."

Mai kantin, Bernadette, mace ce mai jiki da furfura tsilli-tsilli, tana cikin yaran da ya yi ta kaiwa makaranta. Tana ganinsa ta baro teburinta.

"A'a, Arlen, ashe kana raye?"

"Ina fa zan mutu ban ga kin yi hankali ba? Har yanzu kina liƙa cingam a ƙarƙashin kujera?"

Darla ta faɗi abin da ya kawo su. Arlen ya zuba hannu a aljihu ya ce shi rakiya ya yo.

Bernadette ta fara da mai araha, wata 'yar shuɗiya marar nauyi. Ta ce wannan fanka ce da ita, tana rage zafi dai gwargwadon yadda gari yake, amma in rana ta buɗe sosai ba ta kai sanyin firji.

"Wato ranar da ake buƙatarta, ranar take hutu," in ji Arlen. "Na yi aiki da irinta. Mutum ne, sunansa Gordon."

Suka matsa ga manyan, masu inji irin na firjin gida. Bernadette ta ce waɗannan ba ruwansu da zafin gari, in ka so ma sai su daskarar da nama. Akwai babba mai ɗaki biyu da tayoyi, akwai matsakaiciya, akwai wadda ake sarrafawa da waya. Arlen ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa kamar mai sayen kankana. Babbar ta yi nauyi, sai an kira maƙwabta. Marfin waccan roba ne, shekara ɗaya zai tsage. Mai wayar kuwa, tsaki ya ja.

"Sai na nemi izini wurin waya kafin in sha ruwan sanyi?"

Darla tana tsaye tana kallonsa. Ta ga yadda ya sunkuya kan takardar da ke jikin matsakaiciyar, ya karkatar da kai yana dubanta ta gefen ido, ya matso, ya ja baya.

"Bernadette, karanto min wannan. Na baro tabarau a gida."

Tabaran na kan hancinsa. Bernadette ta dube shi, ta dubi Darla, sannan ta karanta masa tiryan-tiryan ba ta ƙara komai ba. Abin ya sosa wa Darla rai, kuma da yake 'yar babanta ce, sai abin ya fito mata da faɗa.

"Baba, don Allah ka zaɓi ɗaya mu tafi."

"Tsohuwar me ta yi muku?"

"Ƙanƙara take ci."

"Ni ke sayowa. Na taɓa kawo miki ƙara?"

Saura ƙiris ta faɗa. Maganar ta zo har bakinta, akwatin wasiƙu da likita da komai, a tsakiyar kanti gaban mutane. Ta haɗiye. Shi ma ya kau da kai yana shafa marfin kula.

Bernadette ta yi maza ta jawo zancen wuta. Ta ce a soket ɗin mota ake jona su, amma in mota ta kwana biyu a tsaye batir zai yi sanyi, kular kuma ta kashe kanta. Shi ya sa masu daɗewa a daji suke haɗawa da batir na daban da farantin sola. An shimfiɗa shi a rana, shi ke nan, ba wanda zai sake taɓa komai har a tashi.

"Yawwa, shi za mu ɗauka," in ji Darla.

"Dakata," Arlen ya ce. "In ba a sayi farantin ba fa?"

"Sai dai kullum wani ya tayar da mota ya bar ta ta yi aiki da ɗan daɗewa, batir ya cika."

"Kullum?"

"Kullum da safe."

"Sai an yi tafiya da ita?"

"Tafiya ta fi, amma ko tana tsaye za ta yi."

Arlen ya dafa matsakaiciyar ya ce wannan yake so, ban da faranti, ban da batir.

Darla ta ce ai ita za ta biya. Ta ce asarar mai ce, ga ƙarar inji da sassafe mutane na barci. Ya ce ƙarƙashin itatuwa suke kafa tanti, rana sai ta roƙa take shiga. Ta ce akwai fili a bakin ruwa.

"Kyautar tawa ce ko taki?"

Haka suka fito da kula ba faranti. Duk hanya ran Darla a ɓace yake. Ta zo raba shi da makulli, ga shi ta saya masa dalilin riƙe shi kowace safiya. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Ranar tafiya Curtis ne ya ja akori-kurar, don Arlen ya ce bayansa na ciwo. Amma suna isa, tun ba a sauke tanti ba, tsohon ya miƙa hannu, Curtis kuma ya saka masa makulli ba musu. Jarumin waya ke nan. Aka ajiye kular a bayan mota, aka jona, aka jera madara da man shanu da naman gashi da gwangwanin tanar kamun kifi. Ta kama aiki, da 'yar ƙararta ƙasa-ƙasa.

Washegari ƙarar inji ce ta tashe Darla. Ta fito daga tanti ba ko takalmi, raɓa na jiƙa mata ƙafa, tana jiran ta ga bayan mota ya shige cikin itatuwa.

Motar na nan inda aka bar ta. An tokare tayoyin gaba da manyan guntayen itacen girki, gaba da baya, yadda yake yi wa bas in ya ajiye ta a gangare. Ba kuma wanda ya iya wannan tokarar a gidan sai mutum ɗaya. Yana zaune a mazaunin direba da hularsa, hannu biyu a kan sitiyari.

Ta koma ta zubo kofi kofuna biyu daga fulas, ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar ta shiga. Rabonta da kujerar nan da sassafe tun tana 'yar makaranta, lokacin da yakan tafi da ita sayen ƙanƙara ya saya mata alewa a ɓoye.

"Rufe ƙofa, sauro," ya ce.

Ta rufe. Suka sha kofi. Ya ce injin na buƙatar canjin mai, ta ce za ta gaya wa Curtis. Can sai ya nuna gaba da haɓa.

"Wane ne wancan a bakin murhu?"

Tsakaninsu da murhun bai fi tsawon motar sau biyu ba. Curtis ne tsaye da jar rigarsa, ƙato guda, yana hura wuta.

"Curtis ne, Baba."

"Na yi zaton haka." Ya juya kofin a hannunsa. "Da ina tafe ne, sai in ce kututture ne."

Tausayinsa ya kama Darla har hawaye ya zubo, ta bar shi ya zuba, tunda ba gani zai yi ba.

"Kullum da safe ni zan riƙa tayar da ita," ya ce. "Aikina ne, kada wani ya taɓa min. In na kashe, ki zo ki karɓi makullin ki ajiye wurinki. Gobe ki kawo min."

"To, Baba."

"Kuma ki daina jan hanci, ina ji. Je ki duba ko madarar ta yi sanyi."

Ta sauka ta zagaya baya ta ɗaga marfin. Madarar ta yi sanyi ƙarara. Ta tsaya nan riƙe da kwalbar har ya kashe inji, sannan ta ga hannunsa ya fito ta taga da makullin.