Yadda Wendell Ya Mutu a Shafin Farko

Edita Cullinane ya wurgo wa Otis, mai yi wa jaridar zane, zanensa a kan tebur.

"Wannan wa zai saya? Yaro kwance kan buhu, ƙudaje na bin bakinsa? Haba, Otis! Mun ci Kyuba, tutarmu na kaɗawa a Manila, kai kuma ka kawo mini gudawa?"

"Haka ya mutu, Yallaɓai. Zazzaɓi ne. Abokinsa da ya dawo ya faɗa mini. Ko bindiga bai harba ba."

"Ɗanka ne, na sani, Allah ya ji ƙansa. To ka mutunta shi mana! Ba shi tuta. Sa masa harsashi a ƙirji."

Otis bai taɓa taka Kyuba ba. Duk yaƙin nan a bene na huɗu ya zana shi, a nan New York. Mai naman unguwarsu shi ne azzalumin sojan Sifen a zanen. Matar da ake ja a ƙasa kuwa, wadda hotonta ya sa jarida ta ƙare kafin hantsi, matarsa Hetty ce, ya zana ta tana wanke-wanke. Ɗansu Wendell ya ga fuskar uwarsa a hannun sojoji, a makon ya je ya sa kaki. Kaico!

Otis ya ninke zanen ya cusa a aljihu, ya zauna ya yi wani. Abin takaici, zanen ya fito da kyau ƙwarai.

Da la'asar masu talla suka cika titi da ihu: "Jarumin yaƙin Santiago!" A cikin taragon komawa gida, wani mai tumbi ya buɗe jaridar a gabansa yana cewa saura a ci sauran tsibiran Sifen.

Otis ya tarar da Hetty a kicin, jaridar shimfiɗe kusa da dankalin da ba ta fere ba.

"Farat ɗaya ne, Hetty," in ji shi. "Bai sha wuya ba."

Ba ta ɗago ba. Ta shafa fuskar yaron da yatsa, tawada ta ɓata mata hannu.

"Ni ma ka zana ni a Kyuba, Otis. Ban kuwa taɓa zuwa ba." Sannan ta dube shi. "Yaya ɗana ya mutu?"

Ya ajiye hularsa. Daga nan ya sa hannu a aljihun da ya cusa zanen farko.