Shafi na Sha Biyu

Asama'u ta durƙusa a tsakiyar shagon kago na Maharazu da ke unguwar Al Buteen, inda 'yan kasuwa ke tura kaya gida, tana warware kwalaben turare ɗaya bayan ɗaya. Kowace kwalba an naɗe ta da takarda, kuma takardun nan nata ne.

Malamar kiɗa ce a wata makaranta a Dubai, gogen Turawa take koyarwa. Shekara biyu ta yi tana neman wani kiɗan mutum huɗu da wata Bajamushiya ta tsara sama da shekara ɗari da hamsin da suka wuce, ta mutu duniya ta manta da ita. Tsohuwar malamarta ce ta kwafe shi da hannu a takarda, shafi goma sha biyu, kafin ta rasu, wani ɗan kasuwa ya kawo shi ya ajiye a shagon. Ranar Asabar ita da abokan kiɗanta uku za su kaɗa shi, kuma ba su da wani kwafin.

To, ambulan ɗin da aka sako shi a ciki ya yage a hanya. A shagon kago kuwa, takardar da ba ta da mai tsaro ta naɗin kaya ce.

"Wallahi Hajiya, layuka na gani da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda," in ji Maharazu yana share gumi. "Na ɗauka zanen yara ne."

"Kashin ƙuda! Yalla, maza miƙo wancan katan ɗin."

Ta miƙar da shafukan a kan gwiwarta, duk sun sha turaren oud. Sha ɗaya. Na sha biyu, inda kiɗan ya ƙare, babu shi. Maharazu ya sosa ƙeya ya ce katan uku sun tafi kwantena tun da safe, khalas, shi ke nan. Asama'u ta zauna daɓas, hawaye suka zubo mata. Malamarta take tunawa.

A kusurwa Baba Mijinyawa, wani dattijon ɗan kasuwa daga Kano, ya ajiye kofin shayinsa. Ya miƙe da ƙyar, ya kai hannu saman kantar shagon, ya sauko da tarin takardu: yagaggiyar jarida, tsohon tikiti, sai wani shafi mai sawun takalmi.

"Duba wannan, 'yata. A ƙasa na tsinta ana takawa."

Shi ne. Ta karɓa da hannu biyu.

"Baba, ka san mene ne?"

"Ina fa! Amma wani ne ya zauna ya rubuta. Mu haka aka tashe mu, ba a barin rubutu a ƙasa. To, me aka ce a ciki?"

Ta goge ido, ta bi layin ƙarshe da yatsa, tana rera shi a hankali cikin maƙogwaro. Maharazu ya tsaya da salatif a hannu.

Dattijon ya koma kujerarsa.

"Ashe da magana a ciki," ya ce. "Sake daga farko."