Birkin Hannun Gimbiya

Ni wanki nake yi. Da shi na ciyar da 'ya'yana tun rasuwar ubansu, kuma rumfar wankina tana gindin gangare, daidai inda layinmu ya ƙare. A can saman gangaren gidan ƙanin mijina yake. Tsohon Yaro nake ce masa, don gemunsa ya yi fari fat, hankalinsa kuwa ko tsirowa bai yi ba.

Yana da wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu, ba rufi, ta kwanta ƙasa kamar bahon wanki. Ta girmi 'yata ta fari. Wai sunan motar Gimbiya. Da safe ya goge ta, da yamma ya goge ta, har magana yake yi mata.

Ranar da ya dawo da ita daga gareji sai da ya gangaro ya yi min fankama.

"Matar yaya, an canja mata birkin baya. Faifai aka sa, irin na motocin tsere. Ina takawa, cak!"

Na ce, "In ka sauka fa, uban wa zai taka?"

Ya yi dariya ya wuce. Ashe sabon birkin ba shi da inda za a maƙala wayar birkin hannu. Sandar tana nan tsakanin kujeru, in ka ja sai ta taso lagwab kamar wuyan mushen kaza, ba ta riƙe komai. Giyar motar kuma ta tsufa, da kanta take zamewa. Sai ya samo dutse yana tokare taya.

Wata rana magina suka haɗa da dutsen nan suka yi gaba. Sai ga shi a rumfata, wai in ara masa sandar sabulu, busasshiya mai tauri. Na zaci mota zai wanke, na ba shi. Jama'a, taya ya je ya tokare da ita! Mutum mai jikoki!

Bayan azahar ruwa ya sauko. Ina ta kiciniyar kwashe shanya sai na ji wani suuu a bayana. Na waiga, ga Gimbiya tafe ba kowa a ciki, kumfa na bin ta har bakin kwata. Na yi tsalle irin wanda rabona da shi tun ina budurwa. Ta tsinke igiyar shanya, ta ture ginshiƙin rumfa, kwanon rufi ya rufto, ta zo ta kafa hanci a cikin babban bahona. Farar rigar likita a ƙarƙashin taya. Zannuwan gadon matar tela cikin taɓo. Wandon mai nama, ƙato da shi, ya rufe mata fitilu biyu.

Tsohon Yaro ya gangaro a guje, ya tsallake ni ina zaune cikin ruwa, ya dafa motar.

"Wayyo fentina!"

Na ce, "Fentinka? Ni da na kusa bin yayanka, ba ka gan ni ba?"

"Ai na ga kina motsi, matar yaya."

Da ruwa ya ɗauke na gaya masa abu biyu. Ya tayar min da rumfa, don in ba ta, ba cin abinci a gidana. Ya kuma sa wa abar nan birkin hannu, don ba zan yi ta cuɗa kaya ina waige kamar ɓarauniya ba. Ya ce rumfa dai za a duba, amma birki ba dole ba ne, zai samo dutse mai nagarta.

Na tattara jiƙaƙƙun kaya a baho, na haye motar na zauna, na ɗora bahon a cinya. Ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ya kira matarsa, ita kuwa ta zo ta kawo min matashi don in ji daɗin zama. Ruwan kayan na ɗiga a kan kujerar fatarsa, kowane ɗigo sai ya runtse ido. A haka ya tuƙa mu zuwa gareji, mutane na nuna mu.

Bakaniken ya gan ni ya ce, "Inna, ke ce sabuwar fasinja?"

"Kai ne ka cire wa mota birki ka sake ta cikin mutane?"

"Wallahi na gaya masa, Inna. Ya ce shi tafiya ya sayi mota ta yi, ba tsayuwa ba."

Ya kwance tayoyin baya, ya ɗaura wani ɗan ƙarfe mai baki kamar kaguwa a jikin kowane faifai, ya ja waya ta ƙarƙashin mota har zuwa sandar. Ni kuwa na ɗaura igiya daga madubin Gimbiya zuwa ƙofar gareji na shanya kayan mutane. Aikina ba zai tsaya don shirmen wani ba.

Da aka gama bakanike ya ce shi ke nan. Na ce ba shi ke nan ba, a gangare za a gwada. Muka koma har da shi. Na sa Tsohon Yaro ya sauka ya zauna a kan kujerata cikin rusasshiyar rumfa, daidai inda motar ta same ni.

"Matar yaya, ai ba sai an kai ga haka ba."

"Zauna! Ba ka ce tana jin maganarka ba?"

Bakanike ya ja sandar, ƙas, ƙas, zai fita. Na ce, "Wannan jan masu ciwon hannu ne. Matsa." Na kama ta da hannun da ya saba matse bargo, na ja, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, har ta miƙe tana kallon sama. Muka fito. Gimbiya ko gezau. Daga can ƙasa Tsohon Yaro ya buɗe ido ɗaya, sannan ya fara tafi kamar shi ya yi aikin.

Ya hauro zai shigar da ita gida. Ya danna kan sandar, ta ƙi. Ya sa hannu biyu, ya sa gwiwa, hularsa ta faɗi. Bakanike ya gwada har jijiyar wuyansa ta fito. Na miƙa hannu na ɗan ɗaga na danna, ta sauka salin-alin. Sai na sake janta, fiye da na farko.

Bakanike ya ce bari ya ɗan sassauta wayar. Na ce ya taɓa ta, ni da bahona a garejinsa za mu tare. Ya kwashe sifanunsa.

Washegari da sassafe na ji ana buga ƙusa. Tsohon Yaro ne a kan tsani, da kansa, yana mayar da kwanon rufi yana gumi. Da ya sauko ya russuna.

"Matar yaya, barka da asuba. Ko za ki taimaka ki sakar min Gimbiya? Ina da unguwa."

Na duba rumfar. Ginshiƙin a karkace yake, igiyar da ya ɗaura kuma ko ɗankwali ba za ta ɗauka ba.

Na ce, "Ƙafarka ƙalau take. Ka gyara wancan tukuna. Kuma in za ka dawo, ka taho min da sabuluna."