Gafarar da Muhtari Ya Hana

A shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara kowa ya zama na Allah, har waɗanda liman bai san fuskarsu ba. Saboda haka da Maiwada, wani tsohon manomi a Dauran, ya shiga bin mutane gida gida yana neman gafara, ba wanda ya yi mamaki. Da ya ba maƙwabcinsa Dogo jakinsa kyauta, albarka aka yi ta sa masa. Ba wanda ya tuna matarsa Saliha ta rasu da damina. An yi zaman makoki, an cinye gumba, an watse, kamar yadda aka saba.

Ranar kasuwar Zurmi ya zo ƙaramin asibitin da Muhtari, malamin asibiti, ke duba masa hawan jini. Awo bai nuna wani sabon abu ba, sai dai damtsen ya rame. Tsohon ya ajiye katinsa da na marigayiya a kan tebur.

"Riƙe su, Malam. Kuma in na taɓa saɓa maka, ka yahe mini."

Har Muhtari ya buɗe baki zai ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, sai idonsa ya koma kan katunan. Lokacin aikin Hajji, da ake irin wannan neman gafara, ya wuce.

"Tahiya za ka yi, Baba?"

"Kowa matahiyi ne."

"Wannan na sha jin shi wurin wa'azi. Kai nika tambaya." Ya tashi ya tura ƙofa. A wurin koyon aiki an koya musu cewa tambaya ba ta dasa wa mutum abin da babu a ransa. "Baba, tunanin kashe kanka kake yi?"

Maiwada ya ɗago kai ya dube shi.

"In na ce i, wurin alƙali za ka kai ni?"

"Nan asibiti ne. Mara lahiya ba a kai shi kotu."

Sai magana ta ɓalle. Rabonsa da barcin kirki tun kwana arba'in ɗin Saliha. Tuwo ba ya wucewa. Akwai kuma abin da ya tanada don hakan ya ɓoye a bayan rumbu. Muhtari bai ja masa aya ba. Tsohon ya fi shi sanin ayoyin. Muhtari ya bar masu jiran layi suna tsaki, ya saurare shi har ya gama, sannan da yardarsa ya aika kasuwa a kira ƙanwar tsohon, Gimbiya mai daddawa.

Da ta ji, ta dafe ƙirji. "Yaya! Ashe bankwana ka yi mini jiya, ni kuma ina cewa amin?"

Aka tsaida magana: yau za ta kwashe abin da ke bayan rumbu, zai koma kwana gidanta, gobe ta raka shi wurin likita a Kaura da takardar Muhtari.

A bakin ƙofa tsohon ya waiwayo. "Ba ka ce ka yahe ba."

"Ban yahe ba. Ka dawo kasuwa mai zuwa mu gani."

"Ɗan yau ke nan," in ji Maiwada.

Duk makon nan Muhtari bai ji daɗin abinci ba. Ranar kasuwa hantsi ya wuce, aka kira azahar, shiru. Yana cikin tunanin neman babur zuwa Dauran sai ya ji hayaniya a waje. Ya leƙa. Ga Maiwada riƙe da igiyar jaki, Dogo na biye da shi yana kumfar baki.

"Kyauta ce! Gaban mutane ka ba ni!"

"Aro ne. Da mi zan kwaso dawata, da kanka?"

Muhtari ya koma ya zauna. Tsohon ya shigo yana mitar cewa maganin likitan Kaura busar da baki yake, Gimbiya kuma ba ta barin mutum ya ko zagaya shi kaɗai. Har yanzu a rame yake.

"Yau hwa? Ka yahe?"

"Da saura, Baba. Miƙo hannu."